In an saye kamfanin da ya ƙirƙiro yaren da kake koyo, me zai same ka? Labarin Java a hannun Oracle

Ƙanena na ga tambayarka, ka ce wata huɗu kenan kana koyon Java sai wani ya kashe maka gwiwa, wai yaren ba na kowa ba ne na Oracle ne, saye ta yi, kuma duk ranar da ta ga dama za ta iya rufe shi ko ta ce sai an biya. Sannan ka ce kana so ka fahimci abin gaba ɗaya, idan babban kamfani ya haɗiye wani me ke faruwa da yaren furogiramin ɗinsa da manhajojinsa.

Toh abokin naka bai yi ƙarya duka ba, amma ya haɗa abubuwa uku ya dama su wuri ɗaya kamar fura. Kuma ka yi sa'a da misalin da ka kawo, don in dai ana maganar nan babu cinikin da ya kai na Oracle da Sun Microsystems koyar da darasi, duk abin da zai iya faruwa ya faru a cikinsa, mai daɗi da marar daɗi. Zan riƙa cewa kamfanin Sun saboda kar ya rikice maka da "sun" ɗinmu na Hausa.

Kamfanin Sun shi ya fito da Java a 1995, James Gosling da tawagarsa suka yi aikin, da farko ma sunansa Oak. In ka riski zamanin Nokia mai madannai, lokacin da muke tura Opera Mini da 2go da wasanni ta bulutut, fayil ɗin nan mai ƙarewa da .jar, ai Java ɗin kenan, har wayar ma "wayar Java" muke ce mata. Kamfanin ya ji daɗin sunan har a 2007 ya canza alamarsa a kasuwar hannun jari daga SUNW zuwa JAVA. Amma matsalar ita ce suna ba ya cika aljihu, kuɗinsu na gaske daga sayar da manyan injinan saba yake zuwa, wato kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet da bayanan kamfanoni, kuma tun faɗuwar kamfanonin intanet a farkon shekarun 2000 kasuwar ta juya musu baya, mutane suka koma saba masu araha da Linux a kai. Java kuwa duniya na amfani da shi amma su ɗan abin da suke samu bai taka kara ya karya ba. Da rikicin tattalin arziki na 2008 ya zo sai abin ya zama dole a nemi mai saye. IBM ce ta fara taya wa, cinikin ya watse a farkon Afrilu 2009, ranar 20 ga Afrilun sai ga Oracle ta sanar da cewa ta saya a kan dala biliyan 7.4. Ba a kammala ba sai 27 ga Janairu 2010, saboda hukumar Tarayyar Turai ta riƙe cinikin wata da watanni tana bincike, kuma abin mamaki ba a kan Java ba, a kan MySQL ne, wata manhajar databes ta ajiyar bayanai, zan zo kansa.

Yanzu ga abin da abokinka bai sani ba. Kafin a sayar, a Nuwamba 2006, kamfanin Sun ya fara sakin kod ɗin Java a ƙarƙashin lasisin GPL, zuwa Mayu 2007 kusan duka ya fita da sunan OpenJDK. Wannan lasisin ka ɗauke shi kamar wakafi. Mutum ya haƙa rijiya a ƙofar gidansa ya ce ta al'umma ce har abada, ya rubuta aka sa hannu, daga baya ya sayar da gidan. Sabon mai gida zai iya canza fenti, ya kori maigadi, ya cire allon suna, ya ma haƙa wata rijiyar a cikin gida ya sa mata kwaɗo, amma waccan ta wajen ba ta cikin ciniki. Kod ɗin da aka riga aka saki da GPL ba a janye shi, duk wanda ya sauke yana da ikon ya gyara ya raba ya ci gaba da shi ko mai shi na so ko ba ya so. Don haka maganar wai Oracle za ta tashi da safe ta rufe Java, wannan kam babu ita.

Amma fa akwai abubuwan da ba su shiga wakafin ba, kuma a nan ne duk rigimar ta faru. Sunan Java ɗin kansa rajista ce ta kasuwanci, ta koma hannun Oracle. Haƙƙin mallakar kod ɗin da haƙƙoƙin ƙirƙira duk sun koma can. Jarrabawar da ake yi wa duk wani inji kafin a yarda a kira shi Java, wadda ake ce wa TCK, ita ma tana can. Sannan albashin injiniyoyin da suka san cikin abin, wanda ni a ganina shi ne ma babba, yanzu sabon mai gida ke biya, shi zai ce a yi kaza a bar kaza.

Mutanen su suka fara motsi. Shugaban kamfanin Sun, Jonathan Schwartz, ya ajiye aiki a Fabrairu 2010, a Twitter ma ya sanar da tafiyarsa cikin 'yar gajeriyar waƙa. Gosling ɗin da ya haifi yaren bai cika wata uku a Oracle ba ya fita a Afrilu 2010. Irin wannan kusan kullum haka yake, saboda al'adar gidajen biyu ba ɗaya ba ce, ɗaya gidan injiniyoyi ne da suke yin abu don yana burge su, ɗayan gidan 'yan kasuwa ne da lauyoyi da suka ƙware wajen karɓar kuɗin lasisi. Ban ce ɗaya ya fi ɗaya ba fa, ai na farkon ne ya kasa riƙe kansa har aka saye shi.

Daga nan sai abubuwa suka riƙa faɗowa ɗaya bayan ɗaya a cikin shekara guda kacal. A Agusta 2010 aka daina sakin kod ɗin Solaris, tsarin tafiyar da kwamfuta na kamfanin Sun mai kama da Linux, a fili, OpenSolaris ya mutu kenan, waɗanda suke son sa suka kwashi kwafin ƙarshe suka ci gaba da sunan illumos, yana nan har yau amma ba shi da jama'a sosai. A Satumba 2010 masu aikin OpenOffice, kishiyar Microsoft Office ta kyauta, suka gaji da jiran tsammani suka ɓalle suka kafa The Document Foundation suka fito da LibreOffice, har sun roƙi Oracle ta ba su sunan OpenOffice ta ƙi, zuwa Yuni 2011 ta miƙa shi ga gidauniyar Apache, amma lokacin mutanen sun riga sun tafi, shi ya sa yau in ka saka Ubuntu LibreOffice za ka tarar, OpenOffice kuma yana nan dai da sunansa kamar tsohon shagon da aka bar allo babu kaya. Na Hudson ya fi ban dariya. Wata manhaja ce da ake amfani da ita wajen haɗa kod da gwada shi kai tsaye, Kohsuke Kawaguchi ya rubuta ta yana ma'aikacin Sun. Oracle ta ce sunan nata ne, jama'ar aikin suka yi ƙuri'a a Janairu 2011 suka canza suna zuwa Jenkins suka yi gaba. Yau ka tambayi duk mai wannan harkar ya san Jenkins, Hudson kuwa sai tsofaffin hannu. Ka lura da abin da ke maimaita kansa, mai saye ya riƙe suna, masu aiki su tafi da aikin, kuma bayan shekara biyu uku masu amfani su bi masu aikin.

MySQL shi ya ɗan bambanta kuma shi ya fi shafarmu. Kamfanin Sun ya saye shi a 2008 a kan kusan dala biliyan 1, shekara ɗaya kawai sai ga shi zai faɗa hannun Oracle wadda babbar sana'arta ita ce sayar da databes mai tsada, ka ga kamar a ba kura ajiyar nama, abin da ya sa Turawa suka tsaya bincike kenan. Wanda ya ƙirƙire shi, Monty Widenius ɗan ƙasar Finland, ya yi ta kamfen a hana cinikin, bai yi nasara ba, Oracle ta yi alkawura a rubuce na shekara biyar aka bar ta ta wuce. Shi kuma dama tun 2009 ya ɗauki kod ɗin ya fara MariaDB, sunan 'yarsa Maria, kamar yadda My ɗin MySQL ma sunan babbar 'yarsa ce. Wikipedia ta koma MariaDB a 2013, Red Hat ta bi a 2014, Debian a 2017. Kai ko XAMPP ɗin nan da kowane ɗalibin kwamfuta ke sakawa don yin furojet ɗin ƙarshe, maɓallin yana rubuce MySQL amma abin da ke ciki MariaDB ne, mutane da yawa sun gama digiri ba su sani ba. Sai dai a nan dole a yi adalci, Oracle ba ta kashe MySQL ba, ta zuba masa injiniyoyi, 5.6 da 5.7 da 8.0 da ya fito a 2018 duk sun fi na da inganci nesa ba kusa ba. Abin da ya faru shi ne yanzu akwai biyu kuma kullum suna ƙara nisa da juna, da can za ka cire wannan ka saka wancan ba abin da zai motsa, yanzu kuwa sai ka duba da kyau, musamman wajen JSON da yadda suke kwafin bayanai tsakanin saba da saba.

Toh mu dawo kan Java ɗin kansa.

Abu na farko da Oracle ta yi da shi mai girma ba sabon fasali ba ne, kotu ce. Agusta 2010 ta maka Google a kan Android. Me ya faru? Google lokacin da take gina Android ba ta ɗauki injin Java na kamfanin Sun ba, ta rubuta nata mai suna Dalvik, ta ɗauko laburare daga wani aikin Apache mai suna Harmony, amma ta bar sunayen fakiti da aji da umarni yadda suke a Java, don duk wanda ya iya Java ya zauna ya rubuta manhajar waya ba sai ya koyi sabon abu ba. Wato ka rubuta Math.max ka ba shi lamba biyu ya dawo maka da babbar, sunan da tsarin iri ɗaya, amma abin da ke aiki a ƙarƙashi nasu ne. Waɗannan sunaye da tsarinsu su ake kira API, fakiti 37 ake rigima a kai, layi kusan 11,500. Oracle ta ce wannan sata ce, ta nemi diyyar da ta kai wajen dala biliyan 9. Shari'ar nan ta ci shekara goma da ɗoriya. A 2012 alƙali William Alsup, wanda shi kansa yana taɓa rubuta kod, ya ce API ba abin da ake mallaka ba ne. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke a 2014. Aka dawo a 2016 masu taya alƙali hukunci suka ce amfanin da Google ta yi halastacce ne, a 2018 aka sake sokewa, sai 5 ga Afrilu 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta rufe maganar da alƙalai 6 a kan 2, Google ta ci. Da Oracle ce ta ci da abin ya wuce Android, don rabin duniyar manhaja a kan kwaikwayon API ɗin juna aka gina ta, Linux ma ai tsarin Unix ya bi.

Darasin da ke nan shi ne kamfanin Sun ya ga Android ya ji haushi amma bai kai ƙara ba, Schwartz ma taya su murna ya yi a rubuce a 2007. Takardun mallaka ɗaya ne, hannun da ke riƙe da su ne ya canza. Duk sassaucin da tsohon mai gida yake maka wanda ba a rubuce yake ba, ranar da aka sayar ya tashi. Kuma ko da Google ta ci, ka duba inda aka kwana, a 2017 ta karɓi Kotlin a matsayin yaren Android na hukuma, a 2019 ta ce shi ne ma na gaba. Ba zan ce shari'ar ce kaɗai dalili ba don Kotlin yana da daɗin rubutu da kansa, amma wanda aka yi shekara bakwai ana ja da shi a kotu ba sai an ce masa ya nemi wata ƙofar ba. Harmony ɗin ma bai tsira ba, dama tun zamanin Sun ake hana 'yan Apache waccan jarrabawar ta TCK sai da sharuɗɗan da ba za su iya karɓa ba, Oracle a lokacin tana cikin masu goyon bayan Apache, da ta zama mai gida sai ta tsaya a inda Sun ya tsaya. IBM da ke ɗauke da nauyin Harmony ta koma OpenJDK a Oktoba 2010, Apache ta yi fushi ta fice daga kwamitin da ke tsara Java a Disamba, a 2011 aka rufe aikin.

Maganar suna kuma ta sake dawowa ta wata hanya da har yau tana ba masu aiki ciwon kai. A 2017 Oracle ta ce ta gaji da Java EE, wato ɓangaren manyan manhajojin kamfanoni, ta miƙa wa gidauniyar Eclipse. Madalla. Amma ta ce ba za su kira shi Java ba, sai suka sa masa Jakarta EE, Jakarta dai birni ne a tsibirin Java na Indonesiya, ka ga wayo. Bai tsaya nan ba, har kalmar javax da ke farkon sunayen fakiti aka kasa daidaitawa a kan su ci gaba da gyara abin da ke ƙarƙashinta, dole a 2020 aka canza komai zuwa jakarta. Duk wanda ya ɗaga aiki daga Spring Boot 2 zuwa 3 ko daga Tomcat 9 zuwa 10 ya san wannan wahalar, ka bi fayil ɗari kana canza javax.servlet zuwa jakarta.servlet, naka mai sauƙi ne ma, matsalar ita ce laburaren wani da ka dogara da shi wanda mai shi bai canza ba ko ya daina kula da shi tun tuni. Babu wani amfanin fasaha ko ɗaya a wannan canjin, zallar rigimar lauyoyi ce ta sauko har cikin layin impot ɗinka. JavaScript ma da ba shi da alaƙa da Java sai suna, rajistar sunan tana hannun Oracle ta gada daga Sun, shi ya sa a takardun hukuma ECMAScript ake rubutawa, kuma a Nuwamba 2024 kamfanin Deno na Ryan Dahl, wanda ya ƙirƙiro Node.js, ya shigar da buƙata a ofishin rajista na Amurka a soke ta.

Sai kuɗi, inda abokinka ya fi kusa da gaskiya. A nan sai ka bambance yaren da kuma kunshin da kake saukewa ka saka a kwamfuta, wato JDK. Shekara da shekaru kowa shafin Sun sannan na Oracle yake zuwa ya sauke kyauta ya saka a saba ya manta. Daga Janairu 2019 Oracle ta daina ba kamfanoni afdet ɗin Java 8 kyauta, 8u202 shi ne na ƙarshe a tsohon lasisi, daga 8u211 na Afrilu in dai aikin kasuwanci kake da shi sai ka biya. A lokacin farashin dala 2.50 ne a wata kan kowane mai amfani da kwamfutar tebur, dala 25 kan kowane furosesa na saba. A Satumba 2021 da Java 17 ya fito suka sassauta suka ce kyauta ne har a kasuwanci, amma na ɗan lokaci ne, shekara ɗaya bayan fitowar babban sigar da ke biye sai afdet ya koma na kuɗi, kuma hakan aka yi wa 17 ɗin a ƙarshen 2024. Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne na Janairu 2023, suka ce yanzu ba injin ake ƙirgawa ba, ma'aikata ake ƙirgawa, duka ma'aikatan kamfani, daga dala 15 kan kowane mutum a wata, yana raguwa in kuna da yawa. Yi lissafi da kanka, kamfani mai ma'aikata 500 wanda mutum 20 ne kawai ke taɓa Java, 500 sau 15 sau 12, dala 90,000 a shekara, har direba da mai shara an biya musu. Ka juya wannan zuwa naira ka ji.

Amma ka tuna rijiyar wakafi. Tunda kod ɗin OpenJDK a buɗe yake, wasu suka riƙa haɗa nasu kunshin daga tushe ɗaya suna rabawa kyauta, akwai Temurin na Eclipse, akwai Corretto na Amazon, Zulu na Azul, Red Hat na da nata, har Microsoft da kamfanin Sun ya taɓa kai ta kotu a 1997 a kan ɓata Java yau tana raba nata OpenJDK. Kod ɗinka ba zai san bambanci ba. Waɗanda abin ya ci su ne kamfanonin da ba su san me ke kan injinansu ba, wani ma'aikaci ya sauke daga shafin Oracle shekara biyar da suka wuce ya danna na yarda bai karanta ba.

Yanzu kar ka ɗauka labarin duk baƙi ne, don in na tsaya nan na zalunce su. Java 6 ya fito a Disamba 2006, daga nan yaren ya tsaya cak kusan shekara biyar saboda kamfanin Sun ba kuɗi ga rigimar kwamiti. Oracle ce ta fito da Java 7 a Yuli 2011, sannan Java 8 a Maris 2014 da lambda da stream, wanda shi ya dawo wa yaren da ransa lokacin da mutane suka fara cewa ya tsufa. Daga 2017 suka koma sakin sabon siga duk wata shida, Maris da Satumba, kuma gaskiya ba sa saɓawa. Wajen Java 11 suka buɗe kayan da da can na kuɗi ne kamar Flight Recorder suka zuba a OpenJDK. Java 21 a 2023 ya zo da zaren aiki marasa nauyi da za ka iya tayar da dubbai ba tare da saba ta durƙushe ba. Har yau mafi yawan aikin da ake yi a OpenJDK ma'aikatan Oracle ke yinsa. Ni ra'ayina, kuma na san akwai waɗanda za su yi min ca, yaren Java ya fi samun kulawa a hannun Oracle fiye da shekarun ƙarshe na Sun. Dalilin ba kirki ba ne, manyan kayan da take sayarwa irin su WebLogic a kan Java suke zaune, Larry Ellison da bakinsa ya ce a lokacin cinikin Java ce manhaja mafi muhimmanci da suka taɓa saya. Abin da mai saye yake ci da shi zai yi masa kiwo, abin da ba ya kawo masa komai ko yake gogayya da kayansa shi ne ke shiga uku. In kana so ka yi hasashen makomar wata manhaja bayan ciniki, wannan tambayar za ka fara yi, don me ya saya, don abin ne, ko don kwastomomin, ko don ya kawar da kishiya.

In ka duba wasu cinikayyar za ka ga zaren ɗaya ne. Adobe ta sayi Macromedia a 2005, tana da Illustrator, manhajar zane, FreeHand na Macromedia kishiyarsa ce, a 2007 aka daina ci gaba da shi, kuma tunda kod ɗinsa a rufe yake babu wanda ya iya ɗauka ya ci gaba, masu amfani da shi sai haƙuri. Microsoft ta sayi Fox Software a 1992, ta riƙe FoxPro, yarensu na gina manhajar databes, shekaru, a 2007 ta ce daga siga na 9 babu wani, wanda ya gina manhajar asibiti ko ta albashi da shi sai dai ya sake rubutawa daga farko. Ka ga bambancin rufaffe da buɗaɗɗe kenan, shi Hudson ya canza suna ya rayu, FoxPro kuwa babu ƙofar fita. Broadcom ta kammala sayen VMware a Nuwamba 2023, wata ɗaya bai cika ba sosai ta daina sayar da lasisin dindindin ta ce kowa ya koma biyan shekara-shekara, kuma ka sani Spring ɗin da za ka koya nan gaba, wato kayan gina manhaja da Java, ma'aikatansa a ƙarƙashin wannan gidan suke yanzu, sai dai lasisinsa na Apache ne a buɗe. IBM ta sayi Red Hat a 2019 a kan dala biliyan 34, a Disamba 2020 aka yanke wa CentOS 8, Linux ɗin kyauta da Red Hat ke kula da shi, wa'adi daga 2029 zuwa ƙarshen 2021, nan take Rocky Linux da AlmaLinux suka fito, abin dariyar ma Oracle na cikin masu fitowa suna wa'azin a bar kod a buɗe. GitHub kuwa, shafin ajiye kod, da Microsoft ta saya a 2018 a kan dala biliyan 7.5 mutane suka yi ta guduwa GitLab a makon farko, ƙarshe ma'ajiyar sirri ta zama kyauta a 2019, amma editan Atom na GitHub da ke gogayya da VS Code na Microsoft an rufe shi a Disamba 2022.

Don haka kai da kake wata na huɗu, ci gaba da Java ɗinka, bankuna da kamfanonin sadarwa da manyan tsare-tsaren gwamnati a duniya sun zuba shekara ashirin da ɗoriya na kod a kansa, ba inda za shi, kuma abin da kake koya na aji da abu da tsarin bayanai zai bi ka zuwa Kotlin ko C# in ka so canzawa, sati biyu uku ka saba. In wani yare ne daban kake dubawa nan gaba, ka buɗe fayil ɗin lasisi ka ga me aka rubuta, ka duba sunan a hannun wa yake, kamfani ko gidauniya, Python na hannun gidauniyarsa tun 2001, yaren Rust ma, wanda Mozilla ke ɗaukar nauyinsa, da ta sallami ma'aikata kusan 250 a 2020 sai aka yi sauri aka kafa masa gidauniya a Fabrairu 2021 aka mayar da sunan can. Sannan ka leƙa tarihin masu tura kod ka ga ko duk ma'aikatan gida ɗaya ne, in gida ɗaya ne to ko lasisin a buɗe yake ranar da aka sallame su aikin zai yi sanyi kafin wasu su koyi cikinsa.

Ka ce kuma ka riga ka saka JDK a laftof ɗinka ba ka san wanne ba ne. Buɗe tamina ka rubuta java -version, in ka ga Java(TM) SE Runtime Environment to na Oracle ne, in ka ga OpenJDK Runtime Environment to ɗaya daga cikin na kyautan ne. Don koyo a gida ko na Oraclen ne babu wanda zai ce ka biya ko sisi, lasisin ya yarda da amfanin kai da na gwaji. Amma ranar da za ka ɗora wa wani kwastoma aiki a saba, ko ka fara aiki a kamfani aka ce ka shirya injin, sauke Temurin 21 ka saka, kuma ka rubuta a takardar miƙa aiki wanne ka saka da lambar sigarsa, don wanda zai gaje ka kar ya je ya ɗauko wani daban ranar da zai yi afdet.